Auna Ingancin Bayanin Kayan Aiki ga Wakilin Na'ura: Nazari ta Fuskar Ilimin Harshe

1.0 Gabatarwa

Aike tsohuwar al'ada ce a rayuwar Bahaushe. Magidanci yakan aiki ɗansa kasuwa, malami ya aiki almajirinsa, sarki kuma ya tura jakadansa. A kowane irin aike, nasara ta rataya ne a kan abubuwa biyu, wato hankalin ɗan aike da kuma kyawun bayanin da aka yi masa. Idan aka ce wa yaro ya je ya sayo gari, ba a faɗa masa na masara ne ko na alkama ba, ba a kuma faɗi kwano nawa ba, to in ya dawo da abin da ba a so, mai aiken ne ya fi cancantar zargi.

A wannan zamani an sami wani sabon ɗan aike wanda ba ɗan Adam ba ne. Manhaja ce ta kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ake yi wa magana da harshen mutane, ita kuma ta je ta aiwatar da aiki ta hanyar amfani da wasu ƙananan manhajoji. Abin da yake nuna mata amfanin kowace ƙaramar manhaja shi ne ɗan gajeren bayani da wani mutum ya rubuta. Manufar wannan babi ita ce bayyana yadda ake auna ingancin irin wannan bayani. Batun ya shafi ɗalibin Hausa kai tsaye, domin bayanin rubutun harshe ne, kuma kurakuran da ake samu a cikinsa kurakurai ne na ma'ana da zaɓen kalmomi da ginin jimla. Za a kafa misalai da rayuwar manoma na Dutsen Abba, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Zariya, domin a ga yadda lamarin zai iya taɓa aljihun talaka da gonarsa.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Wakilin Na'ura

Wakilin na'ura manhaja ce da aka gina a kan babbar manhajar sarrafa harshe, wato irin wadda aka horar da ita da ɗimbin rubuce-rubuce har ta iya fahimtar jimla da kuma tsara amsa. Abin da ya bambanta wakili da manhajar hira ta yau da kullum shi ne, wakili yana ɗaukar mataki. Yakan karɓi buƙata, ya rarraba ta zuwa matakai, ya zaɓi abin da zai yi amfani da shi a kowane mataki, ya duba sakamako, sannan ya ci gaba ko ya sake dabara. A cikin wannan babi za a riƙa kiran sa wakili a taƙaice.

2.2 Kayan Aiki

Kayan aiki, a wannan fage, ƙaramar manhaja ce mai yin aiki guda takamaimai, kamar nemo farashin hatsi, ko duba hasashen ruwan sama, ko lissafa yawan taki, ko aika kuɗi. Wakili ba ya ganin abin da yake cikin kayan aiki. Matsayinsa kamar na baƙon da ya shiga shagon magani ne, inda duk kwalabe suke a rufe, abin dogaronsa kawai shi ne rubutun da aka manna a jikin kowace kwalba.

2.3 Bayanin Kayan Aiki

Wannan shi ne rubutun da aka manna a jikin kwalbar. Yawanci yana ƙunshe da sassa uku:

(a) Suna, wanda ake son ya nuna aikin tun daga jin sa.
(b) Bayani, wato jimla ko jimlolin da suke faɗin abin da kayan aikin yake yi da lokacin da ya dace a kira shi.
(c) Gurabe, wato wuraren da wakili zai cika kafin kayan aikin ya motsa, kamar sunan kasuwa da nau'in hatsi da ma'auni, kowanne da nasa ɗan bayanin.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Rubuta wa mai karatu umarni a taƙaice ba baƙon abu ba ne a Zariya. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda ta koma Hukumar Talifi a 1933 a ƙarƙashin Dokta Rupert East, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da Hukumar NORLA ta shekarun 1950 a zamanin Yaƙi da Jahilci, duk sun yi fama da tambaya ɗaya: yaya za a rubuta bayani yadda sabon mai karatu zai fahimce shi ba tare da marubuci yana kusa ba? Haka kuma malaman gona na Samaru, inda tashar binciken aikin gona ta faro tun 1922, sun daɗe suna rubuta wa manoma ƙasidu da Hausa a kan iri da taki da feshi. Abin da ya sauya a yau shi ne mai karatun, domin yanzu na'ura ma ta shiga sahun masu karanta umarni.

A watan Nuwamba na 2022 kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, abin da ya sa jama'a da dama suka san manhajojin hira. A watan Yuni na 2023 kamfanin ya ƙara wata hanya da take ba manhajar damar kiran kayan aiki bisa bayanin da aka rubuta musu. A 2024 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka buɗe wani jadawalin gwaji da yake jera manhajoji gwargwadon ƙwarewarsu a kiran kayan aiki, har da iya kamewa idan babu wanda ya dace. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fito da wata ƙa'ida ta bai-ɗaya da ake kira MCP, domin haɗa wakilai da kayan aiki, wadda OpenAI da Google suka runguma a 2025. Wannan ya sa mutum ɗaya zai iya rubuta kayan aiki da bayaninsa, wakilai na kamfanoni daban-daban su karanta.

Harshen Hausa ma yana cikin tafiyar. Google ya sanya Hausa cikin manhajarsa ta fassara a ƙarshen 2013, kuma a watan Satumba na 2025 Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar harshe da ta ƙunshi Hausa da Yarbanci da Ibo da Ingilishin Nijeriya. Ke nan tambayar da manomi zai yi da Hausa tana iya isa ga wakili, kuma dole a sami masu ilimin harshen da za su tantance ko an fahimce shi.

4.0 Bayanin Kayan Aiki a Matsayin Rubutun Harshe

4.1 Kamancinsa da Aikin Ƙamus

Mai rubuta bayanin kayan aiki da mai rubuta ƙamus aikinsu ya yi kama. Duk wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934, ko na Abraham na 1949, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, zai ga cewa ma'ana mai kyau tana yin abubuwa uku. Tana faɗin ajin da abu yake ciki, tana bambanta shi da 'yan'uwansa na kusa, sannan tana kawo misalin yadda ake amfani da shi. Wanda ya ce gero hatsi ne bai yi ƙarya ba, amma bai raba shi da dawa ko maiwa ba. Haka wanda ya rubuta cewa wani kayan aiki yana ba da bayani a kan kasuwa bai raba shi da mai kawo farashin taki ko mai faɗin ranar cin kasuwa ba.

Akwai kuma aibin da masana ƙamus suke gudu, wato zagaye, inda ake fassara kalma da ita kanta. Idan sunan kayan aiki shi ne "duba-asusu", bayaninsa kuma ya ce "yana duba asusu", to ba a ƙara wa wakili komai ba.

4.2 Ƙa'idojin Grice

Masanin falsafar harshe Paul Grice (1975) ya nuna cewa zance yana gudana ne saboda masu magana suna haɗa kai bisa wasu ƙa'idoji huɗu. Waɗannan ƙa'idoji sun dace ƙwarai a yi awon farko da su:

(a) Ƙa'idar yawa: a faɗi gwargwadon abin da ake buƙata. Bayani mai gajarta ainun yana barin wakili cikin kintace, mai tsawo ainun kuma yana binne muhimmin batu a cikin surutu.
(b) Ƙa'idar gaskiya: kada bayani ya yi alkawarin abin da kayan aiki ba ya yi. Idan farashin makon jiya yake kawowa, kada a ce na yau ne.
(c) Ƙa'idar dacewa: a tsaya ga abin da zai taimaki wakili ya yanke shawara. Tarihin kamfanin da ya ƙera manhajar ba shi da gurbi a nan.
(d) Ƙa'idar tsari: a guji harshen damo da duhun ma'ana, a kuma jera bayani bi da bi.

Sai dai akwai wani bambanci da ya kamata a lura da shi. A hirar mutum da mutum, sanin juna da sanin muhalli suna cike giɓi mai yawa. Yaron gida ya san irin garin da ake tuƙa tuwo da shi a gidansu, don haka ba sai an faɗa masa ba. Wakili bai tashi a gidan ba. Duk abin da marubuci ya bari a zuciyarsa yana zaton sananne ne, to ga wakili babu shi.

4.3 Misali na Kwatanci

A ƙaddara wata ƙungiyar manoma a Dutsen Abba ta tanadi wakili a wayar hannu, mai kayan aiki huɗu: na farashin hatsi, na hasashen ruwa, na lissafin taki da na aika kuɗi. Ga bayani iri biyu da za a iya rubuta wa na farko.

Bayani na A: "Yana ba da bayani a kan kasuwa."

Bayani na B: "Yana kawo farashin hatsi na makon da ake ciki a kasuwannin da suke cikin jerinsa. A kira shi idan mai tambaya yana son sanin kuɗin masara, dawa, gero, wake ko waken soya. Ba ya kawo farashin taki ko na dabbobi, kuma ba ya hasashen farashin gaba. Gurbin kasuwa yana buƙatar sunan kasuwa haɗe da garinta, misali Tudun Wada, Zariya. Gurbin ma'auni yana karɓar buhu ko tiya kawai. Amsa tana zuwa da Naira. Idan mai tambaya bai faɗi kasuwa ba, a tambaye shi kafin a kira."

Bayani na B ya faɗi aiki, ya faɗi iyaka ta hanyar jimlolin korewa, ya kawo misali, ya fayyace ma'auni, ya kuma nuna abin yi idan bayani bai cika ba. A ido ya fi na A nesa ba kusa ba. Amma hukuncin ido bai wadatar ba, kamar yadda za a gani a sashe na 6.0.

5.0 Wuraren Tuntuɓe a Hausa

Kowane harshe yana da wuraren da ma'ana take iya rabuwa biyu. Ga wasu da suka shafi Hausa, waɗanda mai rubuta bayani da mai auna shi ya kamata su sa wa ido.

5.1 Karin Sauti da Tsawon Wasali

Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutun yau da kullum. Saboda haka "gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, haka "dawa" ta hatsi da "dawa" ta jeji, haka kuma "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa. Gurbin da aka sa wa suna "gari" ba tare da ƙarin bayani ba tarko ne. Gyaransa shi ne a ce "sunan garin da kasuwa take".

5.2 Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Masu rubutu a waya da yawa ba sa sa ƙugiya a kan ɓ da ɗ da ƙ. Ta haka "ƙafa" takan koma "kafa", "baƙi" ya koma "baki", "ɗaki" ya koma "daki". Ya kamata bayani ya faɗi ko kayan aiki yana karɓar suna da ƙugiya ko babu, domin na'ura tana ɗaukar "k" da "ƙ" a matsayin alamomi biyu mabambanta.

5.3 Sunayen Wurare

Akwai Tudun Wada a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Gusau da Jos, sannan akwai ƙaramar hukuma mai wannan suna a Jihar Kano. Haka Sabon Gari yake a Zariya da Kano da wasu garuruwa. Manomin Dutsen Abba idan ya ce Tudun Wada ya san wadda yake nufi, amma wakili yana iya kawo masa farashin wata jiha, shi kuma ya ɗaure kayansa bisa wannan farashi.

5.4 Ma'aunai da Kuɗi

Nan ne kuskure ya fi tsada. Mudu da tiya da kwano girmansu yana bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Buhun takin zamani kilo 50 ne, alhali buhun masara ya fi haka nauyi. Kalmar "kadada" wasu suna nufin eka da ita, wasu kuma hekta, alhali hekta ɗaya ta kai kusan eka biyu da rabi. Idan kayan lissafin taki da hekta yake aiki, bayani bai faɗa ba, manomi ya ce gonarsa eka 2 ce, wakili ya cika gurbi da 2, to za a sa shi sayen taki kusan ninki biyu da rabi na abin da yake buƙata.

Haka abin yake a kuɗi. Wasu manhajojin biyan kuɗi a Nijeriya da kwabo suke karɓar adadi. Tun da kwabo 100 ne Naira ɗaya, wakilin da ya rubuta 5,000 yana nufin Naira zai aika Naira 50 ne kacal. Kalmar "jaka" ma a Nijeriya Naira 200 ce a lissafin 'yan kasuwa, amma a Maraɗi da Damagaram jika tana nufin sefa 1,000. Irin wannan ruɗani ba a kan talaka kaɗai ya tsaya ba. A watan Satumba na 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars, saboda wata manhaja tana fitar da lissafi da ma'aunin Ingilishi, wadda take karɓa kuma tana ɗaukar sa a ma'aunin mita.

5.5 Lokaci

Bahaushe yana da gobe da jibi da gata da citta, yana da bara da bana da baɗi. A lissafin da ya bi kalandar Musulunci, daren Juma'a shi ne daren da ya biyo bayan yinin Alhamis. Haka kuma rubuta 03/04 a Nijeriya yana nufin 3 ga Afrilu, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Bayanin gurbin kwanan wata dole ne ya nuna tsarin da ake so tare da misali.

6.0 Hanyoyin Auna Ingancin Bayani

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Bayanin da ya gamsar da marubucinsa yana iya ɓatar da wakili, domin marubuci yana karantawa ne da sanin da yake kansa. Saboda haka awo na haƙiƙa shi ne a duba abin da wakili ya aikata bayan ya karanta bayanin. Ana bin matakai kamar haka.

6.1 Tanadar Tambayoyin Gwaji

Da farko a tara tambayoyi irin waɗanda masu amfani za su yi da bakinsu, a kuma rubuta amsar da ake tsammani ga kowace ɗaya, wato kayan aikin da ya dace da abin da za a cika a gurabe. Tambayoyin su kasu gida huɗu:

(a) Bayyanannu: "Nawa buhun masara a kasuwar Tudun Wada ta Zariya?"
(b) Masu giɓi: "Nawa ake sayar da wake?" A nan ba a faɗi kasuwa ko ma'auni ba.
(c) Masu buƙatar matakai: "In na sayar da buhu 6 na masara, buhun taki nawa zan samu?"
(d) Waɗanda babu kayan aikinsu: "Akuyata ta ƙi cin abinci, me zan ba ta?"

6.2 Ma'aunan da Ake Dubawa

Bayan an ba wakili tambayoyin, sai a duba abubuwa shida:

(i) Zaɓe: ya ɗauki kayan aikin da ya dace?
(ii) Cika gurabe: suna da adadi da ma'auni sun shiga daidai?
(iii) Kamewa: ya ƙi kiran komai a inda babu wanda ya dace?
(iv) Tambaya: ya nemi ƙarin bayani a inda aka bar giɓi, ko kuwa ya kintata?
(v) Kammalawa: mai tambaya ya sami biyan buƙata a ƙarshe?
(vi) Tattali: matakai nawa ya bi kafin ya kai ga amsa?

Ma'auni na uku da na huɗu su aka fi mantawa da su, alhali suna da muhimmanci. Matambayi ba ya ɓata, kuma wakilin da ya ce ba shi da abin da zai amsa da shi ya fi wanda ya kawo farashin gero a madadin maganin akuya.

Ana fitar da sakamakon kowane ma'auni cikin ɗari, ta hanyar raba adadin da aka ci da jimillar tambayoyi, sannan a ninka sau 100.

6.3 Kwatanta Bayani Biyu

Domin a tabbatar cewa bayani ne ya kawo bambanci, dole a tsayar da komai yadda yake, a sauya bayanin kaɗai. Wakili ɗaya, tambayoyi ɗaya, kayan aiki ɗaya. A ƙaddara an yi tambayoyi 50. Da Bayani na A wakili ya ci 31, wato kashi 62 cikin 100. Da Bayani na B ya ci 44, wato kashi 88 cikin 100. Tazarar tana nuna cewa B ya fi. Idan ana son sanin wace jimla ce a cikin B ta fi aiki, sai a riƙa cire jimlolin ɗaya bayan ɗaya ana sake gwaji. Jimlar da aka cire maki ya faɗi, ita ce ginshiƙi. Wadda aka cire babu abin da ya sauya, ana iya sauke ta.

6.4 Inganci da Tabbaci

Ɗaliban kwalejojin ilimi sun san waɗannan sharuɗɗa biyu daga darasin awo da ƙimantawa, kuma suna aiki a nan kamar yadda suke aiki a jarrabawar aji.

Inganci yana nufin gwaji ya auna abin da aka ce zai auna. Idan duk tambayoyin da tsaftatacciyar daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, to ba a auna abin da zai faru a gona ba. Dole a sa masu karin harshen Zazzaganci da Kananci da Sakkwatanci, da marasa ƙugiya, da masu ingausa, da masu kuskuren rubutu. Haka kuma a ware wani kaso na tambayoyin a ɓoye, kada a duba su yayin gyaran bayani. Wanda ya yi ta gyara bayani har ya dace da tambayoyin da ya sani, kamar malami ne da ya koyar da amsoshin jarrabawa kaɗai: makin zai yi kyau, ilimin kuwa babu.

Tabbaci yana nufin a sami sakamako mai kama da juna idan aka maimaita. Wakili ba lallai ya ba da amsa iri ɗaya ga tambaya ɗaya a kowane lokaci ba, don haka ana maimaita gwaji sau da dama a ɗauki matsakaici. Tazarar maki ɗaya ko biyu a tambayoyi 50 ba hujja ba ce. Ana kuma gwada bayanin da wakilai na kamfanoni daban-daban. Idan mutane ne suke ba da maki, a sa aƙalla biyu su yi aikin kowa shi kaɗai, sannan a duba yawan inda suka dace.

6.5 Nazarin Kurakurai

Alƙaluma suna nuna cewa an yi kuskure, amma ba sa faɗin dalili. Wajibi ne mai awo ya zauna ya karanta yadda wakili ya bi mataki-mataki a duk tambayar da ya faɗi, ya rarraba kurakuran: na harshen damo, na ma'auni, na kamancin kayan aiki biyu, na rashin faɗin iyaka. Wannan aiki daidai yake da nazarin kurakuran ɗalibai a insha'i.

Wani lokaci nazarin yakan nuna cewa gurbin ne yake buƙatar gyara. A wani rahoto na Disamba 2024, kamfanin Anthropic ya bayyana cewa wakilinsa mai rubuta manhaja yana yawan kuskure wajen nuna inda fayil yake idan aka ba shi damar rubuta gajeren adireshi. Da aka wajabta cikakken adireshi a kowane lokaci, sai kuskuren ya kau. Darasin da ke nan shi ne, toshe ƙofar kuskure ya fi yawaita gargaɗi. A misalin Dutsen Abba, maimakon a bar gurbin ma'auni a buɗe, sai a taƙaita shi ga zaɓi biyu, eka ko hekta.

7.0 Nauyin Kuskure da Batun Amana

Kurakurai ba nauyinsu ɗaya ba. Kayan aikin da yake karanto bayani kawai, kuskurensa yana gyaruwa da sake tambaya. Wanda yake aika kuɗi ko goge rajista kuwa, aikinsa kamar magana ce, zarar bunu. Saboda haka bayanin irin wannan kayan aiki dole ya faɗi ƙarara cewa aikin ba ya warwaruwa, kuma a nemi amincewar mai kuɗi kafin a aiwatar. A wajen awo ma, bai kamata a haɗa makin waɗannan da na sauran a fitar da matsakaici ɗaya ba. Wakilin da ya ci kashi 95 cikin 100, amma ragowar 5 ɗin duk a aika kuɗi suke, bai isa a sake masa asusun ƙungiya ba.

Akwai kuma batun ha'inci. A 2025 masu bincike kan tsaron manhaja sun nuna cewa mugu yana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, wanda mai waya ba ya gani amma wakili yana karantawa, har ya kai ga fitar da asirin mai shi. Wannan ya ƙara wa mai awo wani aiki, wato karanta bayanin gaba ɗayansa domin ya tabbatar babu jimlar umarni da ta fita daga aikin da aka ambata, da kuma sake dubawa duk lokacin da aka sabunta kayan aikin.

8.0 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar wakilin na'ura da kayan aiki da bayaninsa, an kuma nuna cewa bayanin rubutu ne da yake bin ƙa'idojin ma'ana irin na ƙamus da na zance. An kawo wuraren da Hausa take iya ruɗa wakili, kamar rashin nuna karin sauti, da ƙugiya, da sunayen wurare, da ma'aunai, da lokaci. An kuma jero matakan awo, tun daga tanadar tambayoyi har zuwa nazarin kurakurai. Injiniya shi yake ƙera kayan aiki, amma sanin cewa "kadada" tana da fuska biyu, ko cewa Tudun Wada ba ɗaya ba ce, aikin masanin harshe ne da ya san mutanensa. Wannan fage ne da ɗalibin Hausa zai iya ba da gudummawa a cikinsa da ilimin da yake samu a aji.

Tambayoyi

1. Bayyana sassa uku na bayanin kayan aiki tare da misalai.
2. Yi amfani da ƙa'idojin Grice huɗu wajen tantance Bayani na A da na B da suke sashe na 4.3.
3. Kawo kalmomin Hausa biyar, ban da na cikin babi, waɗanda rubutunsu ɗaya ne amma ma'anarsu ta bambanta, sannan ka nuna yadda za a kauce wa ruɗani a kowace ɗaya.
4. Rubuta bayanin kayan aikin lissafin taki wanda bai wuce jimloli bakwai ba, ka kuma tsara tambayoyin gwaji goma da suka ƙunshi gidaje huɗun da aka ambata a sashe na 6.1.
5. Mene ne bambancin inganci da tabbaci a wajen auna bayanin kayan aiki?